Na Tafi Tamawa Raba Gona da Rula

Asabar: daga Dutsin-Ma

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fita daga gida, an idar da sallah ke nan, ko mai gaishe ka ba ka gane shi sai ta murya. A jakata akwai rula, fensir biyu, kalkuleta, da tef ɗin awo mai mita hamsin da na aro wurin wani magini. A hammata kuma wata doguwar takarda ce da na naɗe na sa a leda, ina tattalinta kamar takardar shaidar gama makaranta.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Abdu, malamin lissafi, shekara ashirin da biyu ina shaƙar alli a wata sakandare a nan Dutsin-Ma. Ranar Talata Gwaggo Yalwa, ƙanwar mahaifina, ta kira ni ta wayar maƙwabta daga ƙauyensu da ke ƙasar Tamawa. Mijinta, Baba Idi, ya rasu bayan kakar bara, ya bar gona ɗaya da 'ya'ya maza biyu, Lawal da Sani. Wata biyar ke nan an kasa sa iyaka a tsakaninsu, har sun daina gaisawa. Ga hadari ya fara haɗuwa, kowa ya share gonarsa, tasu tana nan da tushiyoyin bara. Lawal kuma ya rantse in Juma'ar makon gobe ta zo ba a raba ba, kotu zai nufa. In aka shiga kotu, ba za a noma gonar bana ba, zumuncin kuwa Allah kaɗai Ya san ranar da zai dawo.

"Audu," in ji ta, "kai da aka ce lissahi kake koya ma ɗiyan mutane, zo ka raba masu gonar nan biyu, in samu in yi barci."

Na ce, "Gwaggo, ai wannan aikin minti goma ne." Allah Ya yafe mini wannan magana.

Yammaci biyu na ɓata a kan takardar. Na nemo hoton gonar daga sama a wayata, na kwafe ta tsaf, kowane santimita ɗaya a takarda a madadin mita goma a ƙasa. Doguwar gona ce, santimita ashirin da huɗu a tsaye, faɗinta bakwai daga sama, ya tsuke zuwa biyar da rabi a ƙasa. Na sa jan biro na datse ta a ƙugu, filin sama daidai da filin ƙasa, ko taku ɗaya babu bambanci. Da gangan na datsa ta nan, don iyakar ta zama gajeriya. A lissafina, in iyaka ta gajarta rigima ma za ta gajarta.

Mai ɗakina Rabi ta rako ni har zaure, tana kallon ledar. "Malam," in ji ta, "kai da ranar da na je biki aka bar maka shinkafar mutum huɗu ka dafa ta mutum goma sha biyu, kai ne za ka raba gona?" Na ce mata wannan laifin tukunya ne. Ta ce Allah Ya kiyaye hanya, in gaida Gwaggo.

Tasha da hanya

Na isa tasha shida saura kwata. Ƙaramar mota ce ke lodin Katsina, mu 'yan Kurfi naira dubu ɗaya da ɗari biyar. Ba mu tashi ba sai shida da minti arba'in, don direba yana jiran cikon mutum na shida: huɗu a baya, biyu a gaba. Na ce masa, cikin ladabi, wanda ya ƙera motar nan fasinja huɗu ya auna mata. Ya dube ni ta madubi.

"Malam, shi da jikin mutanen garinsu ya auna. Mu nan, uku daga cikinmu su ne biyu a can."

Da na ga wadda ta cika mu, na so in tambaye shi ita kuma nawa ce a can. Wata Hajiya ce mai fataucin hatsi, mutuniyar Makera, Allah Ya yi mata wadatar jiki da ta murya. Da ta zauna na yi awo da ido: rabin kujera nata, mu uku muka raba ɗaya rabin, kuɗin mota kuwa kowa ɗaya. Na rungume ledata a ƙirji, na haɗiye lissafin, don ba kowace gaskiya ake faɗa a cikin mota ba.

Ita ta fara ja na da hira. Da ta ji ni malamin lissafi ne, sai ta ce to in faɗa mata tiya nawa ce a buhu. Na ce arba'in, ko ɗan firamare ya sani.

"Tiyar wa?" in ji ta. "Ta kasuwar Kutawa ko ta birni? Da tozo ko shafe? Mai awon ya tare gehe da hannu ko ya saki? Ni in na auna buhu ya ba ni arba'in, ƙanwata in ta auna shi wanga buhun sai ta hidda arba'in da biyu, kuma duk cikinmu babu maƙaryaci."

Na ce shi ya sa ya kamata a koma kilo, shi ba ya da tozo. Ta yi dariya har motar ta amsa. Ta ce in je in faɗa wa tsohuwar da ta kawo tiya uku ta gero kasuwa cewa ta ɗora a sikeli, allura ta faɗa mata abin da idonta bai gani ba. Na shirya amsa mai kyau, sai muka shiga rami, kalmar farko ta koma ciki.

Shinge biyu muka wuce. A na farko hannu kawai aka ɗaga mana. A na biyu wani jami'i ya leƙo, ya ga naɗaɗɗen abu a ƙirjina, ya ce in warware. Na warware da jin daɗi, don tun da na zana ta ba wanda ya nemi gani. Ya daɗe yana dubawa.

"Gona ce wannan? Ko itace ɗaya babu a cikinta?"

Na ce akwai, ban dai zana ba ne, itace ba ya shiga lissafin fili. Ya ce to, Allah Ya ba da sa'a, ya miƙo mini.

Kurfi

Bakwai da minti ashirin muka iso Kurfi, tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai. Na fito ƙafata ta dama ba ta san ni ba. Hajiya ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, in ka raba gonar ka aiko man da sauran, in auna maka." Mota ta ja tana dariya.

Na zauna teburin mai shayi, kofi ɗaya da rabin burodi, naira ɗari bakwai. Kusa da mu wani mai sayar da maganin feshi yana buɗe shago, wani manomi tsaye a kansa da kwalba a hannu. Mai shagon yana cewa gwangwanin madara ɗaya a tankin feshi ɗaya, a cika da ruwa. Manomin ya ce in ya zuba biyu fa, ciyawar ba za ta fi saurin mutuwa ba?

"Za ta mutu," in ji mai shago, "dawar ma ta bi ta. In tankinka ƙarami ne, rage maganin. In babba ne, ƙara. Ruwan da maganin tare suke tahiya."

Wallahi sai da na ji wani daɗi ya ratsa ni. Wannan shi ne darasin da nake yi wa 'yan aji biyu kowace shekara suna hamma, ga shi a bakin titi ana yin sa ba allo ba alli. Ban san sanda na miƙe da kofina ba. Na ce musu abin da suke faɗa shi ne kaza bisa kaza, kuma shi ne dai magini ke yi da siminti da yashi, shi ne mai shayin nan ke yi da madara da ruwan zafi, shi ne ni ma na yi a takardar nan. Suka saurare ni har na dire. Sai mai shago ya ce, "Madalla, Malam. Saye za ka yi?" Na koma na ƙarasa burodina.

Daga Kurfi sai babur. Ɗan kabu-kabun ya ce dubu biyu. Na fito da waya na nuna masa taswira: ga Kurfi, ga ƙauyen, ko faɗin yatsa biyu ba su kai ba, in an juya bai wuce kilomita tara ba, mai kuwa na san abin da babur ke sha a kilomita. Ya karɓi wayar ya duba da kyau.

"Rairayin hwa, ina ya shiga? Ban gan shi ba a nan."

Na biya dubu biyu. Kilomita taran nan minti hamsin suka ci mana. Sau uku na sauka muka tura, sau ɗaya kuma babur ɗin ne ya sauke mu da kansa. Gonaki hagu da dama an share su fes, an tara taki tsibi-tsibi, wasu har sun yi binne suna jiran ruwa. Can gabas hadari ya yi baƙi ya tsaya yana kallonmu, zafi kuwa kamar an rufe gari da murfi.

Gidan Gwaggo

Tara da 'yan mintoci na yi sallama. Tsakar gidan da muka yi wasa a cikinta muna yara an raba ta da sabon zana, sashen Lawal nan, na Sani can, ɗakin Gwaggo a ƙurya yana kallon bakin zanan. Ta rame. Ba ta daɗe da fita takaba ba, idanunta sun faɗa, amma bakin yana nan yadda na san shi.

"Audu, kai ne ka yi tumbi haka? Lissahin ne ke sa shi?"

Lawal da Sani taubasaina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa a rabu ba a yi wa juna tsiya ba. Sani ya fito ya kama hannuna, ya ce sannu da zuwa alƙalin alƙalai, ina fatan ka zo da abincinka. Lawal ya tafi cin kasuwa, sai bayan la'asar ya dawo, shi ma ya yi mini tasa. Amma na lura in ɗaya ya shigo ɗakin Gwaggo ɗaya ya riga ya fita, kamar masu karɓa-karɓa. Gwaggo, wadda ba ta faɗin sunan Lawal saboda ɗan fari ne, ta ce mini a hankali, "Babban in ya ji tarin ƙanensa sai ya canza hanya. Ciki ɗaya hwa, Audu. Nono ɗaya."

Aka tsayar da gobe da safe a gona, da Liman da maƙwabtan iyaka biyu. Ana idar da magariba kwano biyu suka iso gabana: tuwon dawa miyar kuka daga sashen Lawal, tuwon masara miyar busasshiyar kuɓewa daga sashen Sani. Gwaggo ta matso ta ce, "Ka ci su daidai. Matan za su duba kwanonin."

Na fara loma nan loma can, ina ƙirgawa. A loma ta shida na gane kuskurena: kwanon Sani ya kusa ninka na Lawal girma. In na yi loma daidai, ɗaya zai koma a sharce, ɗaya kamar an taɓa an bari, a ce alƙali ya nuna gefensa tun kafin zama. Sai na koma biyu a babba, ɗaya a ƙarami, har kowanne ya tsaya a rabi. Na tashi da ƙyar. A duk tafiyar nan, wannan ne kaɗai lissafin da na yi ya zauna daidai.

Lahadi: a gona

Ƙarfe bakwai muna gona. Tafiyar minti goma sha biyar ce daga gida. Liman, dattijo ne siriri da ya fi shekara saba'in, manomi kamar kowa, ya buɗe da addu'a. Lawal ya tsaya dama, Sani hagu, kowa yana kallon wani gefen duniya. Gwaggo ta biyo mu a baya da sandarta, ba wanda ya gayyace ta, ta zauna gindin wata ɗorawa. Rabonta da gonar tun Baba Idi na da rai.

Na shimfiɗa taswira a ƙasa, na danne kusurwoyinta da hoge, na yi bayani kamar ina gaban aji. Na nuna jan layi. Na ce daga waccan tsamiya zuwa wancan suri, sama na ɗaya, ƙasa na ɗaya, fili daidai wa daida.

Sai na ji wani sauti daga dama, na ji irinsa daga hagu. Dariya ce suke dannewa, kowa yana ƙoƙarin kada ɗan'uwansa ya ji.

"Taubashi," in ji Sani, "ɗaga kanka daga takarda ka dubi sama. Mi ka gani?"

Na duba. Tudu ne, jar ƙasa da tsakuwa. Na juya ƙasa: kwari, baƙar ƙasa mai laushi, ga busasshen kashin shanu ko'ina inda wani Bafulatani abokin Baba Idi yake kwana da garkensa kowane rani. A hoton sama duk launi ɗaya suka fito mini.

"Inda kwarin nan ya ba da dami uku," in ji Lawal, yana magana da ni yana kallon tsamiya, "tudun ɗaya yake badawa. Wa za ka ba tudun? Ni da na shekara goma ina jan taki da amalanke zuwa kwarin?"

"Ko ni," in ji Sani, shi ma da ni yake, "da nike kai ma Bahillacen dawa da gishiri don ya zauna?"

Kunya ta kama ni, amma malami ba ya faɗuwa a tambayar farko. Na zaro kalkuleta. Na ce abu mai sauƙi: tunda uku ne bisa ɗaya, sai a sauko da layin ƙasa, mai tudu ya sami fili mai yawa da ɗan bakin kwari, mai kwari ya sami kaɗan, damin ya zo daidai. Har na fara gogewa. Liman ya yi gyaran murya.

"Malam Abdu, ukun nan na shekarar da ruwa ya yi daidai ne. Shekarar da ya yi yawa, kwarin tabki yake zama, dawa ta yi ja ta tsaya. Ran nan tudun ke ciyar da gida. Wace shekara za ka lissahwa?"

Na ce to a tsaga ta a tsaye mana, daga tudu har kwari, kowa ya sami rabin wannan da rabin wancan. Liman ya ce ai tun ranar sadakar arba'in ya kawo wannan shawara, su biyun suka ƙi.

"Iyaka tun daga can har can?" in ji Lawal. "Garmar wani kowace shekara sai ta ci kunya ɗaya. Shekara goma, ina gonata?"

"A tambayi mai magana," in ji Sani, "wa ya ci kunyar maƙwabci shekaran bara."

Lawal ya juya, idonsa ya yi ja. Maƙwabtan suka matso. Ya ce shi ya gama, Juma'a ma ta yi nisa, gobe Litinin zai shiga kotu a Kurfi. Na tsaya da fensir a hannu, gumi yana bin bayana, ba ni da sauran layin da zan ja. Minti gomana sun zama awa biyu, kuma na ƙara wa wutar itace.

"Liman."

Gwaggo ce, daga gindin ɗorawa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ranar da ka karanta rabo, mi ka ce nawa?"

"Tumuni, Yalwa. Kashi ɗaya cikin takwas. Kika ce kin bar masu."

"Ban ce na bar masu ba. Cewa na yi a bar shi tukuna. To yau ina so."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da nake koyar da kashi-kashi, na zo da takarda mai gida biyu, ban taɓa tambayar ina matar mamacin take a ciki ba. Ta ce mini biyu, na rubuta biyu. 'Ya'yanta ma suka sunkuyar da kai.

"A tsaga ta a tsaye, yadda Liman ya ce," in ji ta. "Nawa a hidda man shi a tsakiya, tun daga tudu har kwari. Babban shina gehe, Sani shina gehe. Ba mai iyaka da wani, kowa da ni yake iyaka. Wanda garmarsa ke jin yunwa, ga kunyar uwarsa nan, ya ci."

Sani ya sa gefen rawaninsa ya share fuska, ya ce ƙura ce, alhali ko iska babu. Liman ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko sun yarda. Kowa ya ce ya yarda, a ciki-ciki.

Nan na ga dama ta dawo mini. Na ce kashi takwas ba ya rabuwa haka, sai an mai da shi goma sha shida: bakwai, biyu, bakwai. Na ja tef na auna faɗin sama, mita saba'in da ɗaya da rabi. Na danna kalkuleta, na sanar da cewa kowannensu yana da mita talatin da ɗaya da ɗigo biyu da takwas.

"Ɗigon," in ji Sani, "a ina za mu kahwa shi?"

Liman ya aika aka kwaso igiyoyin amalanke, aka ƙulla su suka zama ɗaya. Ya ce Lawal ya riƙe bakin nan a iyakar gabas, Sani ya riƙe wancan a ta yamma. Igiya ta yi ciki a tsakiya tana jan ƙasa. Liman ya koma gefe abinsa, ya bar su da ita. Aka daɗe a haka. Can sai Lawal ya daka tsawa:

"Kai Sani, ja mana!"

"Ai ina ja, Yaya, kai ne ka saki!"

Maganarsu ta farko ke nan a wata biyar. Na saci kallon Gwaggo. Ta ɗauki taswirata tana fifita da ita, fuskarta a gefe.

Da igiya ta miƙe, Liman ya ƙulle ta daidai faɗin gonar. Ya ninka ta biyu, ya sake ninkawa, ya sake, ya sake: ninki huɗu, ga silli goma sha shida a hannunsa, duk tsawo ɗaya. Ya ƙirga bakwai daga wannan baki ya ɗaura tsumma, bakwai daga wancan ya ɗaura tsumma. Aka sake miƙe ta, inda tsumma ya faɗa aka kafa turke. Muka sauka tsakiyar gona aka maimaita, muka sauka kwari inda ta tsuke aka maimaita. Kowane wuri tsawon sillin daban, amma rabon bai canza ba, bakwai, biyu, bakwai, kuma kowa da idonsa ya gani. Shekara ashirin da biyu ina neman yadda zan nuna wa yara wannan abu, ga tsoho ya yi shi da igiyar ɗaure kara. Aikina a ciki shi ne riƙe tsumma, kuma na riƙe shi da kyau.

Aka karya kara biyu aka yi ƙuri'a, gabas ta faɗa wa Sani, yamma Lawal. Aka ce in ruwa ya sauka a dasa gamba a bin turakun. Sha ɗaya da rabi Liman ya shafa fatiha.

A hanyar komawa gida na rage tafiya na jira Gwaggo. Na ce mata dabarar ta yi, amma wata rana fa, bayan rai, kason nan nata su biyun dai za su raba, iyaka ta haɗe.

"Na sani," in ji ta. "Shi ya sa ba ni da niyyar yin sauri. Kahin nan sun saba gaisawa ta kan kunyata."

Komawa

Ban tsaya cin rana ba, don na ga alamar kwano biyu na sake tahowa, hanyar kuma ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta. Sani ya kai ni Kurfi a babur ɗinsa, Lawal ya ɗaura mini zabi biyu a baya, zanan tsakar gida dai yana nan tsaye inda na same shi. Ƙarfe ɗaya da kwata muka baro ƙauyen, biyu da minti goma ina Kurfi. Na sami gaban mota, mu biyu a kujera, ni da wani siririn bawan Allah da na yi ta sa wa albarka a zuci. Uku da rabi na yi sallama a gidana a Dutsin-Ma, ana kiran la'asar. Rabi ta tambaye ni yaya aiki, na ce an raba lafiya, kuma da ni aka yi.

Ina godiya ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Ina godiya ga Liman, wanda ya gyara ni a gaban jama'a ba tare da ya nuna gyara yake ba, da matan taubasaina da suka ciyar da ni fiye da yadda na cancanta, da direbobin da suka ɗauke ni da surutuna. Amma gaskiya na dawo da sauran tsoro a raina, don turke abu ne da ake tugewa.

Kwana tara bayan nan ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Washegari da azahar Sani ya kira ni. Ya ce an yi shuka, kowa ya yi tasa. Na ce ta Gwaggo fa, wa ya yi mata?

"Wa kau zai yi? Yaya na gaba da sungumi shina sara, ni ina biye ina zuba iri ina binnewa. Ya ce binnewata ta ragwaye ce, na ce saransa ya karkace kamar layinka. Tun daga tudu har kwari muna yi."

Na ce Gwaggo tana ji?

"Tana gindin ɗorawa da ƙwaryar iri. Liman ya zo wucewa zai tsawata mana, ta ce ya ƙyale mu. Ta ce rabonta da jin abu mai daɗi haka tun Baba na da rai."

Alhamdu lillahi.